Kukan kunne da na'urar da ake ɗorawa bisa kai

Akwai mutanen da kunnensu ke kuka dare da rana. Wani shina jin tsuwa kamar ta gyare, wani kamar ƙugin iska. Wanda ke zamne kusa da shi ba ya jin komi. Ciwon ba shi kisa, amma shina hana barci, shina ɓata rai. Masana sun lissafa a shekara ta 2022: cikin manya 7 na duniya, kusan 1 ya san wannan kuka.

Daga ina kukan ke hitowa? Can cikin kunne akwai wani wuri mai kama da dodon koɗi. A ciki akwai ƴan ƙananan gasu wajen 15.000. Su ke kama sauti su aika ma ƙwaƙwalwa. Tsuhwa na kashe su, ƙara mai ƙarhi ma na kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. In saƙo ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara himmar saurare. Kowa ya san radiyo: in tasha ta yi nisa aka ƙara murya, shuuu kawai ake ji. Haka abin yake. Sau da yawa kukan cikin ƙwaƙwalwa ake yin shi.

Don haka lokotoro suka ce bari a gwada kwantar da ƙwaƙwalwar ba tare da an tsaga kai ba. A 1985, a garin Shefil na Ingila, wani masani mai suna Anthony Barker ya nuna na'ura mai aiki da mayen ƙarhe. Ana ɗora ta bisa kai, ƙarhinta ya ratsa ƙashi ya taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Mai kukan kunne shina zamnawa bisa kujera, idonsa biyu, a ɗora na'urar saman kunne tana bugawa sau 1 kowane sakan. Ita kanta tana da ƙara, dole a toshe ma mutum kunne. Wasu na tashi da ciwon kai. Mai farfaɗiya ko mai ƙarhe cikin kai, sai an yi hattara ƙwarai.

To, tana warkarwa? A nan gardama take. A 2015, a garin Fotlan na Amurka, an raba marasa lahiya 64 kashi biyu. Rabi an yi masu kwana 10 da na'urar gaske, rabi da ta ƙarya, wadda ke ƙara kawai, kuma ba wanda ya san tasa. Cikin 32 na farko, 18 sun samu sauƙi. Cikin 32 na biyu, 7 sun ce sun samu sauƙi. A duba da kyau: mutum 7 sun ji dama da na'urar da ba ta yi masu komi ba! Sa rai kaɗai na iya rage ciwo, shi ya sa ba a yarda da magani don wane ya ce ya yi mashi. A 2017 Jamusawa suka bayyana gwajinsu bisa mutum 163. Su ba su ga bambanci ba tsakanin ta gaske da ta ƙarya. Har yanzu gwaji ake. Duk wanda ya shigo kasuwa da akwati mai pil ya ce shina kashe kukan kunne, kuɗi yake nema.

Abin da ke hannun mutanen karkara shi ne tsare kunne. Yaron da ke yini gaban injin niƙa, da maƙeri, da mai zama gindin lasifika ranar biki, su ne cikin hatsari. Su sa abin toshe kunne, su riƙa hita suna hutawa. Kinin na zazzaɓi na sa kunne kuka, amma kukan na wucewa in an gama shan magani, kada a yanke shi ba da sanin ma'aikacin lahiya ba. Kada a sa gashin kaza ko tsinken ashana cikin kunne, kada a ɗiga mai mai zahi.

Da dare, in gari ya yi tsit, kukan ya hi damuwa. Radiyo da ƙaramar murya na taimaka ma barci. Amma in kunne ɗaya ya kurumce farat ɗaya, ko shina zubar da mugunya, ko kukan na bugawa tare da zuciya, ko akwai juwa, a tahi gidan likita ranar nan, kada a jira ranar kasuwa.