Numfashin Mai Wankin Ƙoda: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakiman ƙasar Wasagu da sauran Masarautar Zuru, da malaman da ke riƙe musu alƙalami, su karanta kuma su bayyana wa dagatai da masu unguwanni. Dalili kuwa shi ne, idan ƙodar talaka ta gaza, likita ya ce sai an riƙa yi masa wankin ƙoda, galibi wurin hakimi danginsa su kan fara zuwa neman taimako da shawara. Ya kamata wanda za a tambaya ya san abin da zai faɗa.

Ƙodoji biyu na lafiyayyen mutum su kan tace ruwan jini wajen lita 180 a kwana guda, watau kamar garwa 10, su mayar da kusan dukansa jiki, su fitar da guba da rarar ruwa cikin fitsari. In sun gaza, sai na'ura ta karɓi aikin. Wani likita mutumin Holan, Willem Kolff, shi ya fara harhaɗa irinta a 1943, amma sai a 1945 ta ceci ran majiyyaci na farko. Ka'ida ita ce a ɗora mutum a kanta sau 3 a mako, ko wane zama sa'a 4. Akwai ta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Malam Aminu Kano a Kano. Mutumin Wasagu kuwa, kowa ya san nisan hanya da tsadar mota, don haka sau da yawa ya kan tsallake zama. Lalle a riƙe wannan, gama za mu komo gare shi.

To, me ya haɗa ƙoda da huhu? Huhu ba ya jawo iska da kansa. Akwai wani faffaɗan tantani na tsoka da ya raba ƙirji da ciki. Duk mahaucin da ya taɓa feɗe rago ya san shi. Shi ne ke saukowa ya jawo iska, tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari su taimaka masa, kamar yadda zugazugi ke yi wa maƙeri. Ya kan yi haka wajen sau 20,000 a kwana. Mai ciwon ƙoda jininsa ya kan yi ƙaranci, gama ƙoda ce ke aika wa ɓargo umurnin yin jini. Abinci ba ya yi masa daɗi. Ga yawan kwanciya. Sai tsokar jikinsa ta rame, har da wannan tantani da ba a gani. Shi ya sa za ka ga dattijon da dā ya kan yini a gona, yanzu daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya yana haki.

Tsoka kuwa, in an hore ta, ta kan yi ƙarfi. Likitoci, musamman a ƙasar Birazil, sun gwada wannan a kan masu wankin ƙoda. Su kan ba majiyyaci wani ɗan bututu mai murfi da ke ƙin buɗewa sai an ja iska da ƙarfi, ya sa a baki, ya toshe hanci, ya yi ta ja. A kan fara da sauƙi, a riƙa ƙara tauri kaɗan kaɗan. Bayan makonni 6 zuwa 8 aka ga ƙarfin jan numfashinsu ya ƙaru, waɗansu kuma tafiyar da su ke iya yi cikin minti 6 ta ƙaru. Amma kada malami ya ƙara gishiri wajen bayani: wannan ba ya warkar da ƙoda, ba ya kuma rage ko zama guda na wanki.

Wanda bai sami bututun ba, akwai abin da zai yi a gida ba da ko sisi ba, ko da ya ke bai kai na bututu ƙarfi ba, kuma sai likitansa ya yarda. Ya zauna ya jingina, ya ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Ya shaƙi iska ta hanci sannu a hankali har hannun ciki ya taso, na ƙirji kuwa ya kusa tsayawa cik. Sa'an nan ya tsuke leɓe ya fitar da ita a hankali, kamar mai hura kunu. Ya yi sau 10, ya huta, safe da maraice. Kada ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri, don yawancinsu suna da hawan jini. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji, ya bari. Ya kuma riƙa ɗan tattaki a tsakar gida da sanyin safiya.

Yanzu ga abin da ya fi duka muhimmanci. Hakin mai wankin ƙoda iri biyu ne. Na farko shi ne na raunin tsoka, wanda ke zuwa da motsi, ya lafa da hutu. Na biyu kuwa na ruwa ne. Mutumin da ba ya fitsari sosai, in ya tsallake zama, ko ya sha ruwa fiye da yadda likita ya ƙayyade masa, ko ya ci gishiri da kanwa da dunƙulen miya da yawa, ruwan ya kan taru a ƙafafu da fuska, daga nan ya cika huhu. Alamarsa ita ce ba ya iya kwanciya sai a zaune, ya kan farka cikin dare yana neman iska, wani lokaci ya yi tari mai kumfa. Wannan ba na horon numfashi ba ne, ba kuma na jiƙo ko turare ba. Jiƙo ma ƙara masa ruwa zai yi. A zaunar da shi, a nemi mota nan take zuwa inda na'ura ta ke, ko da tsakar dare ne. Nan ne hakimi ke da amfanin da likita ba shi da shi, gama shi ne zai iya tayar da mai mota, ya kuma tara gudummawar gari kafin asuba.

Har wa yau, garkuwar jikin waɗannan bayin Allah ta yi rauni, tarin fuka ya fi saurin kama su. Tarin da ya wuce mako 2, a kai kaki asibiti a duba. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. A nisanta su da taba da hayaƙin murhu, su rufe hanci da ƙyalle lokacin ƙurar hunturu.

Ana roƙon malamin ko wane hakimi ya buɗe shafi a littafinsa, ya rubuta sunan duk mai wankin ƙoda a gundumar, da ƙauyensa, da asibitinsa, da ranakun zamansa, da lambar wayar mai motar da ya yarda a tashe shi da dare.