Yaron da Ya Haddace Kalma 3,500

Ɗana, na karanta wasiƙarka har sau biyu. Ka ce ɗalibanka na Chengdu sun san kalmomin Turanci fiye da yadda ka zata, amma da ka miƙa musu shafi guda ka tambayi abin da marubucin yake nufi, sai aji ya yi tsit. Na ji zafin ranka. Sai dai kada ka yi gaggawar yanke musu hukunci.

Dubi kayan da ke kansu tukuna. Kusan kowace shekara ranar 7 ga Yuni ake fara Gaokao, jarrabawar shiga jami'a, wadda a 2024 fiye da mutum miliyan 13 suka yi rajistarta. A yawancin larduna Turanci na da maki 150 cikin 750, daidai da lissafi, daidai da Sinanci, kuma fahimtar karatu ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Tun aji uku na firamare kowane yaro cikinsu yake fama da Turanci. Ƙaramin littafin nan na kalmomi 3,500 da kake gani a hannunsa har a layin abinci, shi ne abin da ya dogara da shi. Kada ka raina masa hadda. Mu da muka tashi da allo mun san darajarta, mun kuma san bayan sauka akwai zaman karatun littattafai gaban malami. Wannan zaman shi ne naka.

Lokacin da nake zaune a Beijing, wata maƙwabciya ta kawo mini 'yarta mai shekara 16. Da na buɗe littafinta sai tausayi ya kama ni. Bisa kowace kalmar Turanci ta rubuta fassarar Sinanci da fensir, ƙanana ƙanana kamar tururuwa, har shafin ya yi baƙi. Babu kalmar da ta kuɓuce mata. Na ce, "'Yata, wa ya yi me a nan?" Ta sunkuyar da kai.

Daga baya na gano inda gizo ke saƙar. Mu Hausawa muna cewa "mutumin da ya zo jiya", suna a gaba, bayani na biye, kamar dai Turanci. Shi ya sa kai ba ka jin nauyin abin. Basine kuwa bayani yake gabatarwa, suna ya zo ƙarshe, tamkar ya ce "jiya ya zo ɗin mutum". To, in jimla ta yi tsawo, who da which suka shiga tsakani, sai mai aikin ya ɓace masa. Ga shi aikatau a Sinanci ba ya sauya siffa don nuna lokaci, saboda haka idonsa kan tsallake 'yar wutsiyar nan ta ƙarshen kalma da ke nuna an riga an yi.

Abin da na yi wa yarinyar nan, na karɓe fensirin. Na ce ta nemo aikatau, ta nemo mai aikin, ta sa yatsa ta rufe abin da ke tsakani, ta karanta saura. Jimlar layi huɗu ta koma kalma biyar. Sannan muka riƙa tsayawa kan but da however, don a nan marubuci ke juya akala, a nan kuma masu tsara tambaya ke fakewa.

Ka ba su karatu mai sauƙi, da yawa. Wani masani mai suna Paul Nation ya nuna sai mai karatu ya san kalma 98 cikin 100 kafin ya tafi shi kaɗai. Labaran Oxford Bookworms, da suke kira Shuchong, suna nan a shagunan littattafai, da fassarar Sinanci a jiki. Su rufe fassarar da takarda, minti goma kullum, ƙamus a jaka.

Shirun nan kuma, kunya ce da tsoron kuskure gaban jama'a. Bari su fara tattaunawa bibbiyu, ko da Sinanci ne, kafin ka kira suna. Ka rubuto mini bayan wata guda in ji wanda ya fara ɗaga hannu.