Dokokin Ɗaga Ƙarfe a Kan Benci

Duk inda samari ke ɗaga ƙarfe, tambaya ɗaya ce ke yawo: "Kilo nawa kake yi a benci?" Wannan tambaya ta lalata kafaɗun yara masu yawa, domin tana sa mutum ya ɗora wa sanda abin da jikinsa bai isa ɗauka ba. Wanda ya ga dokokin nan sun yi tsauri ya tuna yadda aikin yake: rigingine za ka kwanta, ƙarfe a saman wuyanka.

Kada ka gwada babban nauyi kai kaɗai. A shekarar 2009 Stafon Johnson, ɗan wasa a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka, sanda ta suɓuce masa ta faɗo a maƙogwaro, sai da likitoci suka shafe sa'o'i suna yi masa tiyata. A ɗakin horo na jami'a ke nan, da masu horarwa a kusa. To ina ga kai da ke bayan gida, ƙofa a rufe? Ka sami mai tsaya maka a ka, ka gaya masa sau nawa kake nufin ɗagawa kafin ka kwanta. Kai kuma mai tsayawa, ajiye waya. Kada ka taɓa sanda muddin tana tafiya sama, ko da a hankali ne. In ta tsaya cik ko ta fara komawa ƙasa, kama da hannu biyu. Idan babu kowa kuma babu ƙarafan tarewa a gefen bencin, rage nauyi, ka tsaya tun kana da sauran ƙarfin ɗagawa biyu, kuma kada ka kulle fayafan ƙarfen a bakin sanda, don in ka maƙale ka karkata su zube.

Ka naɗe babban yatsa a jikin sanda. Riƙon da ake jera babban yatsa da sauran yatsu, sanda na zaune a tafin hannu babu abin da ya tare ta, ganganci ne. Hukumar wasan ɗaga ƙarfe ta duniya, IPF, ta haramta shi a gasa. Gumi kaɗan ya isa ya sa ta zame. Ka kuma sa sandar ta zauna a gindin tafin hannu, daidai kan ƙashi, kada wuyan hannu ya lanƙwashe baya.

Ka gyara bayanka kafin ka taɓa ƙarfe. Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata aikin tun ba su fara ba: su faɗa kan benci kamar wanda ya dawo daga gona ya zube a tabarma, su kai hannu ga sanda. Kwanta yadda idanunka za su yi daidai da ƙasan sanda. Jawo allunan kafaɗarka su matso juna, sannan ka tura su ƙasa wajen ƙugu, ka danne su a kan benci. Za ka ji ƙirjinka ya taso, ƙasan bayanka ya ɗan ɗaga har hannu zai iya shiga. Haka ake so. Wannan matsewar ita ce ke ba kafaɗa wurin dogara, ta kuma rage nisan da sanda za ta yi. Abin da ya fi wuya shi ne riƙe ta har ƙarshe. Mutane da dama suna matsewa da farko, amma da sun tura ƙarfe sama sai su miƙa kafaɗa gaba don ƙara tsawo, allunan su buɗe, saukowa ta biyu kuwa duk nauyin a kan gaban kafaɗa zai sauka. Hannu ne zai miƙe, kafaɗa tana nan manne da benci. In cire sanda daga mazauninta yana warware maka baya, mazaunin ya yi sama da yawa. Sauke shi, ko mai tsaya maka ya taya ka fitowa da ita.

Ka kafa ƙafafu a ƙasa, ka danna su. Kada su riƙa lilo ko rawa idan nauyi ya yi tsanani. Kada ɗuwawu ya bar benci. Kai, kafaɗu, ɗuwawu: duk ukun suna manne har ka gama. A gasa, da ɗuwawu ya tashi an soke ɗagawar.

Kada ka buɗe hannu fiye da kima don ka rage tafiyar sanda. A gasa ba a yarda tazarar da ke tsakanin manuniyoyi biyu ta wuce santimita 81 ba, kuma yawancin mutane ba su buƙatar kaiwa nan. Ma'aunin da za ka bi shi ne: idan sanda ta taɓa ƙirji, hannunka daga gwiwa zuwa wuya ya tsaya a miƙe, ba ya karkata ciki ko waje. Kada ka baje gwiwoyin hannu su yi layi ɗaya da kafaɗu. Jawo su su ɗan kusanci haƙarƙari. Sauke sanda a ƙasan ƙirji, wajen layin nono, ba wajen wuya ba. Daga nan tura ta sama tana ɗan komawa baya, ta ƙare a saman kafaɗu.

Kada ka buga sanda a ƙirji don ta yi tsalle. Wannan ce dokar da na fi damuwa da ita, don ita aka fi karyawa. Kana jin sautin daga nesa: dum, sannan ihu, sannan tafi. Ƙashin ƙirji ne ya ɗaga wannan nauyi, ba tsoka ba. Babbar tsokar ƙirji ta fi yagewa a daidai wannan wuri, lokacin da ta miƙe ƙarshen miƙewa ga nauyi na saukowa da gudu. Sauke a hankali, kai ke riƙe da ƙarfen, taɓa riga, tsaya na daƙiƙa guda jiki a ɗaure, sannan ka tura. Nauyin da ba ka iya tsayarwa a ƙirji ba tukuna bai zama naka ba, cire shi. In kana ganin wannan raini ne, dubi 'yan wasan Najeriya masu buƙata ta musamman, waɗanda ɗaga ƙarfe a benci shi ne wasansu gaba ɗaya. Ƙafafunsu a miƙe suke a kan benci, ba su samun taimakon ƙasa, kuma alƙalai ba sa karɓar ɗagawa sai sanda ta tsaya a ƙirji. A haka Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 a Paris a 2024, ta ci zinare ta kafa tarihin duniya.

Ja numfashi ka cika ciki tun sanda na sama, riƙe shi lokacin saukowa, ka sake bayan ka wuce wurin da ya fi wuya. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kada ya yi wannan, kada ma ya fara ɗaga nauyi, sai likita ya duba shi.

Ka fara da sanda tsirara kullum, komai ƙarfinka. Cikakkiyar sanda kilo 20 ce. Yi goma da ita, ka ƙara kaɗan, ka sake ƙarawa, har ka kai nauyin aikin ranar.

Kada ka gwada iyakar ƙarfinka kowane mako. Gwaji daban, gini daban. Horo sau biyu a mako ya wadatar, da kwana biyu aƙalla a tsakani. Rana ɗaya ka ɗauki nauyin da za ka yi biyar-biyar da shi, zagaye uku zuwa biyar, kana hutun minti biyu zuwa uku. Rana ta biyu ka sassauta, ka yi takwas zuwa goma sha biyu, ka haɗa da bencin da aka ɗaga kansa don saman ƙirji ya samu rabonsa. Idan ka cika adadin ba tare da tsarin jikinka ya lalace ba, ƙara kilo 2.5 kacal. Sayi ɗan littafi ka riƙa rubutawa. Ƙwaƙwalwa tana ƙara wa mutum abin da bai ɗaga ba.

Kada ka gina gaba ka bar baya. Gwargwadon turawar da ka yi, ka yi jawowa: jan ƙarfe zuwa ciki kana duƙe, da jan jiki sama a sandar rataye. Bayanka shi ne abin da kake kwanciya a kai.

Masu ƙarfen gida, wanda aka zuba siminti a gwangwani aka soka bututu: ba na raina shi, ya gina ƙirazan da ba su ƙirguwa. Amma kai shi kan sikeli ka auna kowane ɓangare. In ɗaya ya fi ɗaya, kafaɗa guda ce za ta riƙa biyan bambancin. Duba tsagewa a simintin kafin ka kwanta a ƙarƙashinsa. Bencin da ke girgiza, mayar wa mai walda.

Ka ci abinci, ka yi barci. Mai son tsoka yana buƙatar kimanin giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jikinsa a rana, kuma ba sai garin gwangwani mai tsada ba: wake, awara, ƙwai, kifi, kindirmo, ƙuli-ƙuli, nama in ya samu. Barci kada ya gaza sa'a bakwai. Da azumi, bari sai bayan buɗa baki, ka kuma rage nauyi.

Kada ka yarda a yi maka allurar ƙara tsoka. Tana cutar da zuciya da hanta, tana rage maniyyi, tana fito wa namiji da nono. Kada ka sha tiramadol don ka iya ɗagawa. Yana rufe maka zafin da ya kamata ya tsayar da kai, ga jaraba a bayansa.

Ka san bambancin gajiyar tsoka da rauni. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Suka mai kaifi a gaban kafaɗa kuwa, ajiye ƙarfe nan take, in ta ƙi tafiya ka ga likita. Idan ka ji wani abu ya tsinke a ƙirji ko hammata, wurin ya kumbura, jini ya taru a ƙarƙashin fatar damtse, ko ɓangare ɗaya na ƙirjin ya sauya siffa, kada ka tsaya shafa man zafi, kada ka je wurin mai ɗori, ba karaya ba ce. Tafi asibitin ƙashi a cikin kwanakin nan, domin jijiyar da ta rabu da ƙashi ta fi ɗinkuwa a makonnin farko.