Ramin Ganuwar Kano

Cikin darasin labarin ƙasa mun karanta cewa a Ingila akwai waɗansu hanyoyin ruwa waɗanda ba asalin koguna ba ne, mutane ne suka haƙa su da hannu domin jirage su ɗauki kaya. Wadda ta fara yin suna an buɗe ta a 1761, tana kai kwal Mancesta, garin masaƙa, har kuɗin kwal ya faɗi da wajen rabi. Da jirgin ƙasa ya zo a 1830 sai ya riƙa ƙwace musu ciniki kaɗan kaɗan. Wata da aka gama a 1804, wadda ta bi ta garin Rocdel, an rufe ta a 1952, ta zama juji, sai a 2002 aka yashe ta aka sāke buɗewa.

Da muka kai nan sai wani daga cikinmu ya ce wannan labarin Turai ne, mu ina ruwanmu. To, gaskiya ne ba a taɓa haƙa wa jirgi hanya a Kano ba. Amma Kano ma tsohon garin sana'a ne, kuma tana da wani babban haƙa nata wanda aikinsa ya mutu, watau ramin da ya kewaye ganuwa. Saboda haka ran Asabar muka tashi da sassafe daga Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda aka fara makarantar boko a 1909, muka nufi Ƙofar Nasarawa mu ga abin da ya saura.

Kafin mu bi shi, ya kamata mu san mafarinsa. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma ginin ganuwa. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki kuma ya ƙara tsakanin 1618 da 1623. Baturen nan Kilafatan, wanda ya zo a 1824 da sunan Abdullahi, ya rubuta cewa ya ga rami ciki da waje. Sa'ad da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Gwamna Lugga ya ba da labari cewa kewayen ganuwar mil 11 ne, kaurinta a gindi ƙafa 40, tsayinta kuwa daga ƙafa 30 zuwa 50.

Yanzu ku ɗauki alli mu yi lissafi, gama nan ne darasin yake. Mu ɗauki mafi ƙanƙantar tsayi, ƙafa 30, mu ce bangon yana tsukewa har ya yi tsini a bisa. Rabin 40 sau 30 shi ne 600. Mil 11 kuwa ƙafa 58,080 ke nan. In kun riɓanya za ku sami 34,848,000. Watau in aka sassaƙa akwati mai ƙafa guda tsawo, guda faɗi, guda zurfi, sai an cika shi da ƙasa kusan sau miliyan 35 kafin a tada wannan bango. Lissafin nan na kintace ne, don ganuwar ba tsayi ɗaya gare ta ko'ina ba, amma ya isa mu yi tambaya: daga ina aka samo wannan ƙasa duka, alhali ba mota, sai kwando da jaki? Daga nan gindin bangon aka haƙe ta. Kowane kwando da ya hau bisa ya bar gurbinsa a ƙasa. Ashe ganuwa da raminta aiki ɗaya ne, mai haƙa shi ne mai gini. Haka kuma kududdufan cikin birni suke, ramukan tubalin gidaje ne.

Amfanin ramin na fari yaƙi ne. Akan bar sarƙaƙiya ta cika shi, doki ba ya tsallakewa, mai tsani kuma ba ya samun wurin kafawa. Amma yana da wani amfani wanda ba a cika faɗa ba, a ganina kuwa ya fi na farin daɗewa. In an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta, ramin nan da kududdufai su ke shanye abin da ya gangaro daga lunguna, su riƙe shi har cikin rani, a shayar da dabbobi, a kwaɓa ƙasa, a yi wanki. Abin da ya yi saura ya bi Jakara, wadda ta ratsa birni ta gefen Kasuwar Kurmi ta fita wajen Fagge.

Daga Ƙofar Nasarawa muka yi arewa. Nan kam ba mu ga rami ba ko kaɗan, sai kwalta da gada da rumfuna. Alamarsa ɗaya ce, in ka lura da kyau za ka ga ƙasa ta ɗan yi kwari a gefen hanya, lambatu kuma duk can suka nufa. A Ƙofar Mata muka shiga karofi, wanda ake cewa tun 1498 yake. Wani dattijo ya nuna mana yadda ake zuba ruwa da toka da baba a rijiyar rini a bar su su ruɓa, da yadda ake kwashe katsi daga gindi a ƙona, a gama da gashin majema da dafara a yi laso, a shafe sabuwar rijiya da shi don kada ta tsiyaye. Ba abin da ake zubarwa. Baturen Jamus, Abdulkarimu, da ya zo a 1851, ya kintata cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Yau rijiyoyi da yawa a karofin sun bushe, an bar su cike da ƙasa, gama yadin masaƙar inji da shunin kanti sun yi musu abin da jirgin ƙasa ya yi wa hanyoyin ruwan Ingila.

Da rana ta yi muka komo kudu, muka bi ta Ɗan Agundi da Na'isa zuwa Gadon Ƙaya. A wannan gefe ne mutum zai ga ramin da idonsa. Ga guntun bango ja a dama, zaizaye, awaki na hawa, ga kuma ruwa kore kwance a gindinsa, da leda da kainuwa. Ba na ɓoye muku, wari ya kore mu wani wuri. Masu cewa a cike shi suna da hujja, domin ruwan kwance gidan sauro ne, kuma yara sukan faɗa. Tun da aka jawo ruwan famfo daga Calawa a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ba mai bukatar ramin don ɗiba. Ƙofar Famfo, da ke gaba kaɗan, sunanta ma ya riƙe wannan labari.

Sai dai cikewa ba ta hana ruwan sama zuwa. Mun tsaya wani wuri inda aka zuba shara da ƙasa aka tada kantuna bisa tsohon rami. Wani mai shayi ya ce da damina ruwan yakan tsaya a kan titi, wani lokaci har ya shiga zauruka. Muka duba jikin kantunan, sai ga zanen laka ya kai gwiwar mutum. Ɗayanmu ya ɗora sandarsa ya gwada, muka rubuta ƙafa ɗaya da rabi.

Wanda ke so ya gwada da kansa, ya tafi bayan an ɗauke ruwan sama da kamar rabin sa'a, da takarda da fensir. Ya zana bango inda ya saura, ya sa ɗigo-ɗigo inda ya ɓace, sa'an nan ya ja kibiya duk inda ya ga ruwa ya nufa. Ya sa takalmi mai rufi, gama akwai fasassun kwalabe a bakin ramin.