Kafin a Biya Kuɗin Haya: Jan Hankali ga Iyaye da 'Yan Matanmu Masu Tafiya Birni

A da, in yarinya ta bar Batsari ko Safana, aure ne ya fitar da ita, kuma gidan da za a kai ta an san shi tun daga zaure har madafi. Yau zamani ya juya. Wata ta ci jarrabawa ta samu gurbi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Hassan Usman da ke Katsina, wata ta tafi koyon aikin jinya, wata ta nufi Bayero a Kano, wata Samaru ta Zariya. Akwai kuma waɗanda ba karatu ya kai su ba: fitinar bakin dajin Rugu ce ta tarwatsa gidansu, suka shiga birni neman abin sa wa a baki. Ɗakunan kwana na makaranta ba sa isar kowa, gidan dangi kuma ya cika. Sai haya. To, wannan takarda an rubuta ta ne domin uba da uwa da yayan da za su raka yarinya neman ɗaki, da ita kanta yarinyar, don ita ce za ta kwana a ciki.

Kuskurenmu na fari shi ne wannan. Mutumin da ya shekara yana barci da kunne ɗaya, yana sauraren ƙarar babura daga yamma, da ya ga fitilun birni sai ya saki jiki, ya ɗauka duk inda aka shimfiɗa kwalta an gama da tsoro. Ba haka abin yake ba. A watan Oktoba na 2023, a Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, 'yan bindiga sun shiga gidan haya da ke wajen makaranta cikin dare suka tafi da ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya. Makonni kaɗan kafin nan, a watan Satumba, an yi irin wannan a Sabon Gida kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, aka kwashi ɗalibai fiye da ashirin, akasarinsu mata, su ma daga gidajen haya. Yaran nan ba su da laifi, iyayensu ma haka. Ɗaki suka nema kamar kowa. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Ɗiyar ƙanena ta samu makaranta a Katsina, ubanta ba shi da lafiya, sai rakiyar ta faɗo kaina. Dillali ya kai mu wani gida sabo fil, fenti na ƙamshi, an shimfiɗa tayil, banɗaki a cikin ɗaki, kuɗin kuma bai kai na cikin gari ba. Yarinya ta ce, "Baffa, wannan ya yi." Dillali ya ce, "Alhaji, in ba ka ajiye wani abu yau ba, wallahi gobe ba za ka same shi ba, mutum uku ke bina." Na ce masa in rabonmu ne zai jira mu. Bayan sallar isha'i muka koma ba da shi ba. Mai Keke Napep ya sauke mu a bakin titi, ya ce shi ba ya shiga layin nan da dare ko nawa za a ba shi. Muka taka a ƙasa. Dama kango, hagu kango, babu mai shayi, babu shago buɗe, babu ko yaro da za ka tambaya hanya. A wani kangon mun hango jan wutar sigari wuri uku, warin wiwi ya tarye mu. Bayan gidan kuwa gonaki ne har iyakar gani. Yarinya ta riƙe hannun rigata, ba ta sake cewa ya yi ba.

Ashe unguwa fuska biyu gare ta, ta rana da ta dare, kuma dillali ta rana kaɗai yake nunawa. Saboda haka kada a biya ko sisi sai an je wurin aƙalla sau biyu, ɗaya da hantsi, ɗaya bayan isha'i. A auna tafiyar da ke tsakanin inda mota ke sauke mutum da ƙofar gida, a ƙafa, ba a mota ba. Wannan ɗan tsakanin shi ne wurin da masu ƙwacen waya ke tsare mutane, ko ƙauraye a Katsina, ko 'yan daba a Kano. A Kano ma a tuna an hana acaba ɗaukar fasinja tun 2013, sai A-daidaita-sahu, shi kuwa ba kowane lungu yake shiga ba. Araha ba ta ado. Ɗakin da aka rage wa kuɗi a bakin gari, sauran kuɗin da fargaba ake biyansa, da kuɗin mota kullum.

Wa za a tambaya, kuma yaya?

Da ɗan gari akan ci gari. Dillali la'adarsa yake nema, mai gida kuma ɗakinsa yake son ya cika, don haka shaidarsu ba ta isa ba. A nemi waɗanda ba su da riba a maganar: matar da ke tuyar ƙosai ko awara a bakin layi, ɗan ga-ruwa da ke shiga gida-gida, ladanin masallacin unguwa wanda ke fitowa tun assalatu, mai kanti. In ana iya samun wadda ta tashi daga ɗakin, ita ce babbar shaida. Me ya tashe ta?

Tambayar ma da dabara. In ka ce wa Bahaushe, "Unguwar nan lafiya?" zai ce maka lafiya lau, ko da jiya aka fasa gidan maƙwabcinsa, don ba ya son ya ɓata sunan unguwarsu a gaban baƙo. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce mai neman lokaci da adadi. Ƙarfe nawa mai shayi yake tashi? Akwai 'yan sintiri, nawa kowane gida yake ba su a wata? Yaushe rabon da a haura gidan wani a layin nan? In abu ya faru da dare, wa ake kira? Inda mai shayi ke kaiwa sha ɗaya, akwai idon mutane. Inda kowa ke shigewa da magariba ya ja ƙofa, akwai abin da suka sani wanda ba su gaya maka ba.

A lura da majalisun layin. Majalisar dattawa da magidanta a gindin bishiya ko ƙofar masallaci garkuwa ce, ko da yake surutunsu na da yawa, ba baƙon da zai wuce ba su tanka ba. Matattarar da za ka ga kwalaben maganin tari da fankon ƙwaya zube a ƙasa kuwa, a yi nesa da ita. Ƙasa ba ta ƙarya. A duba ta da safe kafin a yi shara.

Cikin gidan kansa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A girgiza ƙyaure a ga ko yana rawa a jikin bango. A duba sakata ta ciki, domin kwaɗon waje kaya yake tsarewa, sakata ce ke tsare mai ɗaki. Ranar tarewa a sauya kwaɗo ko makullin gaba ɗaya, don ba wanda ya san hannu nawa tsohon mabuɗi ya bi. A ɗaga kai a dubi rufi: gidajen haya da yawa bangon da ya raba ɗakuna bai kai kwano ba, silin ne kawai ya rufe, mai son shiga sai ya biyo ta sama. A zaga bayan katanga a ga ko akwai tarin bulo, ko bishiya, ko kango da za a taka a hau.

Banɗaki kuma abin dubawa ne ƙwarai. In a tsakar gida yake, su wa ake tarayya da su? Gidan da iyalai ke ciki, da mata da yara, daban yake da gidan da samari zalla suka cika. Yarinya za ta fita da tsakar dare, wannan ba abin kunya ba ne a faɗa. Haka ruwa: in babu rijiya ko burtsatse a gidan, a san inda ake samowa da lokacin da ake samowa.

Akwai kuma haɗarin da ba ɓarawo ke kawo shi ba. Ƙarfen taga da ke hana mutum shigowa shi ke hana mutum fita ran gobara, don haka tukunyar gas ko risho kada su zauna a bakin ƙofa, mabuɗi kuma ya kwana wuri guda da hannu ya sani ko a cikin duhu. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, da janareta a gindin taga, hayaƙinsu na kashe mai barci ba tare da ya farka ba. In a rani ake neman ɗaki, a dubi gindin bango: zanen da ruwan bara ya bari zai nuna inda ambaliya take kaiwa. Sannan a tsaya a tsakiyar ɗakin a buga waya a ji ko tana shiga. Mu da aka yanke wa layin sadarwa a watan Satumba na 2021, Batsari da Safana da sauran ƙananan hukumomin da abin ya shafa, mun san zafin neman taimako babu hanyar kira. A ajiye lambar 112 ta kiran gaggawa, da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa, da ta shugaban 'yan sintirin unguwa, a rubuce a takarda ban da cikin waya, don wayar ce ake fara ƙwacewa.

Kuɗi kada ya fita sai an ga mai gida ido da ido, an karɓi rasit mai sunansa da ranar shiga da ranar ƙarewa. An sha ba mutum biyu hayar ɗaki ɗaya, dillali ya ɓace.

Yanzu ga maganar da na fi so a riƙe. A gida, abin da ke tsare yarinya shi ne an san ta. Daga mai unguwa zuwa dagaci, har fadar Sarkin Ruma a Batsari ko ta Yarima a Safana, akwai wanda zai ce ɗiyar wane ce. A birni wannan igiyar ta tsinke, dole a ƙulla sabuwa. Mu faɗi gaskiya, mutanenmu na saurin yi wa mace mai zama ita kaɗai mummunan zato, har wasu masu gidaje na ƙin ba ta ɗaki. Wannan zalunci ne, kuma mugaye na fakewa da shi, don sun san wadda ake zargi ba ta samun mai tsaya mata. Maganinsa a hannun iyaye yake. Babba daga cikin dangi ya kai ta gaban mai unguwa da liman, ya ce ga ɗiyata, ga makarantar da take, ga lambata, na ba ku amana. Goron da za a kashe a wannan gaisuwa ya fi kwaɗo goma amfani. In da hali kuma su zauna su biyu ko uku, waɗanda iyayensu suka san juna.

Ke kuma ɗiyata, ga naki. Gaishe da maƙwabta wajibi ne, amma ba kowa ake buɗe wa ciki ba. Ke da kika fito daga ƙasar da aka san ɓarnar 'yan infoma, ba sai an gaya miki abin da baki ke jawowa ba. Kada ki faɗi abin da babanki ya mallaka, ko ranar da ake turo miki kuɗi, ko daren da abokiyar zamanki ba ta nan. Kada ki ɗora hoton ƙofar gidanku a Facebook ko TikTok. Mai gyaran wuta ko famfo ya zo da rana, ƙofa a buɗe, wata na kusa. In zuciyarki ta ƙi wani wuri ko wani mutum, ki faɗa a gida tun da wuri, kada ki yi shiru don tausayin kuɗin hayar da aka riga aka biya.

Ɗiyar ƙanena dai a ƙarshe wani tsohon gida muka kama mata a cikin gari. Fentinsa ya koɗe, banɗaki a tsakar gida, kuɗinsa ya ɗara na wancan. Mahaifiyar mai gidan ce a ɗakin kusa da zaure, tsohuwa mai faɗa, wadda ke sa a rufe ƙofa ƙarfe goma ko wa ya rage a waje. Yarinya ta yi ta ƙorafi a watan farko, wai Hajiya ta cika sa ido. Wata rana aiki ya riƙe su a makaranta, cajin wayarta kuma ya ƙare. Tara da rabi na dare ina zaune a ƙofar gida sai ga kira daga lambar da ban sani ba. Tsohuwar ce, ta ari wayar jikanta. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Malam, ɗiyarka ba ta shigo ba, kuma ba ta saba kaiwa haka ba. Na tura yara bakin titi da tocila."