Haƙƙin Malami Bayan Ya Kwanta Dama

'Ya'yana ɗalibai, ina yi muku ta'aziyyar rasuwar malaminku na adabi. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba iyalinsa da ku haƙurin rashi. Na ga hotunansa da kuka cika Facebook da WhatsApp da su, na karanta kalamanku, kuma na yarda daga zuci suka fito. Yabon gwani ya zama dole. To amma da an share makoki kowa zai koma harkarsa, a ba wani malamin darasinsa, a cire sunansa daga ƙofar ofis. Daga nan ne haƙƙinsa da ke wuyanku yake farawa, kuma a kansa nake so in ja hankalinku.

Ku dubi yadda magabata suka yi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wato Abdullahin Gwandu, ya zauna ya rubuta littafi sukutum mai suna Ida'un Nusukhi don ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wajensu. Ya fara da mahaifinsa wanda ya karantar da shi Alƙur'ani, ya zo kan yayansa Shehu Usmanu, ya ambaci Malam Jibrilu ɗan Umaru da sauransu, yana faɗin littattafan da ya karanta a gabansu. Albarkacin wannan aiki, yau bayan sama da shekara 200, muna iya faɗin irin karatun da ake yi a ƙasar Hausa a wancan zamani da waɗanda suka koyar da shi. Nana Asma'u ita ma, da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, marsiyya ta yi masa, ta adana halayensa a baitoci.

Saboda haka, na farko, kowannenku ya ɗauki biro tun abin yana ɗanye a ransa. "Mutumin kirki ne" kowa zai iya faɗa, har wanda bai taɓa shiga ajinsa ba. Ku kuwa kun san abin da ya fi haka. Ka rubuta waƙar da ya feɗe a gabanku, yadda ya fito da jigonta, ya bi salonta, ya sa kuka ji amsa-amo da kari da kunnenku. Ki rubuta yadda ya maido miki da kundinki cike da jan biro, da dalilin da ya bayar na kowane gyara. Wanda Allah Ya ba baiwar waƙa ya yi marsiyya. Ku haɗa waɗannan wuri guda, ku kai wa sashenku kwafi, ku kai wa iyalinsa kwafi. 'Ya'yansa sun san shi a matsayin uba, ku ne za ku nuna musu shi a matsayin malami.

Na biyu, ku koma kan abin da ya rubuta. Ku ɗauki misalin Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Jami'ar Bayero, wanda ya rasu a 1995. Yawancinku ba a haife ku ba a lokacin, amma kun yi karatu a hannunsa ta hanyar littattafansa. Tun farkon shekarun 1970 ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni har littafi 6, ya ɗauko Gizo da Ƙoƙi daga bakin kakanni ya kai su makaranta. A 1988 ya fitar da Hausa a Rubuce. A cikinsa ɗalibi ke bin tarihin rubutunmu tun daga ajami, ya iso ga gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, ya ga kafuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Duk ɗalibin da ya buɗe littafin nan don ya rubuta kundin digiri, ladan yana isa ga mai shi. Addininmu ya sanya ilimin da ake amfana da shi cikin abubuwan da ba sa yankewa da mutuwa, kuma amfanin yana samuwa ne idan akwai mai karantawa. Ku nemi maƙalun malaminku ku karanta su a natse, yanzu da babu jarrabawar da ke koro ku. In kun ɗauko ra'ayinsa, ku ambaci sunansa. In kun ga inda bincike ya wuce shi, ku faɗa cikin ladabi, domin shi ma haka ya yi da nasa malaman.

Na uku, ku tuna da abin da bai kai ga bugawa ba. Malamin adabi kan mutu ya bar takardun lacca, da littafin da ya rubuta rabi, da kaset-kaset na hira da makaɗa da mawaƙan da su ma sun riga mu gidan gaskiya. Iyali suna cikin jimami, ba lalle su san darajar kwalin da ke lungun ɗaki ba. Shekara biyu ta isa gara da ruwan damina su gama da shi, abin da ya tsira kuma ya ƙare a hannun mai ƙosai. Bayan takaba, ku wakilta manyanku su je gidan cikin girmamawa, su nemi izini. A ɗauki hoton takardun, a juye muryoyin a kwamfuta, a ajiye a laburaren jami'a da sunansa. Dukiyar magada ce, kada wanda ya fita da ko warƙa ɗaya ba da yardarsu ba. Kuma kada zuwanku ya tsaya a kan takardu. Ku riƙa leƙa gidan da Sallah, ku tambayi karatun yara.

Akwai kuma wanda a cikinku ya taɓa jin zafinsa, ko don makin da bai yi masa daɗi ba, ko don faɗan da aka yi masa a gaban aji. Ɗana, ka yafe masa yau, ka roƙa masa gafara. Ɗan Adam ne, kuma yanzu addu'arka yake buƙata.

Sauran malamanku suna nan da rai, wasu sun yi ritaya suna zaune a gida. Ku je ku gaishe su, ku yi musu tambayoyin da kuka so yi wa marigayi ba ku samu dama ba, ku rubuta amsoshin. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku ma wata rana a yi karatu a gabanku.