Daga Yamai zuwa Jidda: awa nawa a jirgin sama?

Kowace shekara maniyyata suna tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani, a Yamai, zuwa aikin hajji. Da yawansu a Jidda suke sauka, daga nan mota ta kai su Makka. Mai tafiya da ƴan gida duk suna son sanin tsawon tafiyar.

Tsakanin filin Yamai da na Jidda akwai kilomita wajen 4000. Daga Yamai zuwa Damagaram ta hanyar mota, kilomita wajen 900 ne. Ke nan nisan Jidda ya fi wannan sau huɗu. Mutanen da can da ƙafa da jakuna suke zuwa, su ratsa Cadi da Sudan, su haye Bahar Maliya a jirgin ruwa. Waɗansu sai sun yi shekaru a hanya.

Yaya ake lissafin lokaci?

Babban jirgin fasinja yana cin kilomita wajen 800 cikin awa guda. Sai a raba nisa da gudun jirgi:

4000 ÷ 800 = 5

Tafiyar awa 5 ce, in jirgi ya miƙe bai tsaya ko'ina ba. Iska mai ƙarfi tana iya ƙara lokaci ko ta rage shi. Kewaye ma yana ƙarawa: a 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, an rufe samanta, jirage suka riƙa bin wata hanya mai nisa.

Agogo bai zama ɗaya ba

Jidda tana gabas da Nijar, rana tana riga fitowa can. Agogonta ya wuce na Nijar da awa 2. In jirgi ya tashi daga Yamai da ƙarfe 8 na safe, zai sauka ƙarfe 1 na rana a agogon Nijar. A Jidda kuwa ƙarfe 3 ta yi. Wanda bai gyara agogonsa ba zai ga kamar yanzu azahar take shiga, alhali la'asar ta kusa. Haka salla take kuɓuce wa matafiyi.

Wajen komowa, ragewa ake yi. Jirgin da ya bar Jidda da ƙarfe 9 na safe zai iso Yamai ƙarfe 12 na rana a agogon Nijar. Ƴan tarbo da suka manta da awa 2 ɗin nan za su zo ƙarfe 2, su tarar alhaji ya daɗe yana jira.

Tambayoyi

1. Jirgi mai cin kilomita 500 a awa, awa nawa zai yi kafin ya ci kilomita 4000?
2. In ƙarfe 6 na yamma ce a Jidda, ƙarfe nawa ne a Maraɗi?